Karsanar da Ta Shiga Albashin Ɗiyata

Ɗiyata ta fari ita ta fara cin albashin gwamnatin jiha a duk zuri'armu. Kafin ita, abin da ya haɗa gidanmu da gwamnati bai wuce haraji da layin zaɓe ba. Ni kaina aji biyu na yi a firamare, na biyun ma sai da na maimaita, har malamin ya tako da ƙafarsa ya roƙi mahaifina ya maida ni gona tun ban lalata masa sauran yara ba. Abin da na tsira da shi ke nan, wanga rubutu da kuke gani kamar kaza ta bi ta kan taɓo.

Ita kuwa ta yi karatu, kuma da aurenta ta yi shi. Mijinta tela ne a kasuwar Isa, shi ya tsaya mata ta shiga makarantar koyon aikin lafiya. Shekara uku yana taka keken ɗinki yana biyan kuɗin mota da na takardu, bai taɓa zuwa ƙauyenmu ya ce a kama masa ba. Da ta ƙare anka ɗauke ta, anka tura ta wani ɗan asibiti a gefen Isa, inda mata ke zuwa awo da rigakafin yara.

To kun san halinmu da ɗan fari. Tun ran da anka raɗa mata suna ban taɓa kiransa ba. In tana nan “ke” ce, in ba ta nan “waccan”. Ba a yabo, ba a nuna an damu, ko faɗuwa ta yi gabanka sai ka dubi sama kamar kana neman hadari. Shekara ashirin da wani abu yabo na taruwa a cikina bai da mafita. Da takardar aikin nan ta fito sai na ga kafa. Tunda ba ni iya yabon ɗiya, ai ina iya yabon albashi.

A ƙauyenmu, nan kusa da Unguwar Lalle, muna da wurin zama gindin wata bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, bakin masallaci. Cikin masu zaman akwai taubashina, ɗan gwaggona, wanda nake kira bawana tun muna tsirara. Ɗansa na kai kaya Maraɗi, shi ko ya ishe mu. In ɗan ya dawo sai uban ya fito da takardar sefa guda, kuɗin Nijar, yana fifita da ita, ko da sanyi ake.

Ran nan ya ce, “Ubangidana marar akuya, an ce waccan ta samu aiki. Irin na ƙaramar hukuma ne, da ran goma ga wata an koma gona riƙon kalme?”

Na ce, “Bawa dai bawa ne. Na jiha ne. Jiha! Daga Sakkwato takardar ta fito, da tambarinta.”

“Awo. To nawa ne albashin?”

Ban sani ba. Wa za ni tambaya, ita? Amma ni ma'aikatan jihar da na taɓa gani su ne masu zuwa cikin manyan motoci masu baƙin gilashi in za a buɗe rijiyar burtsatse, wani na gudu yana buɗe musu ƙofa. A hankalina tukunya guda ce, duk wanda anka ce na jiha ne ludayi guda ake zuba masa. Ban san akwai matakai ba. Ban san mai buɗe ƙofar ma na jiha ne ba.

Sai na gyara hula na ce, “Abin da ɗanka ke samowa Maraɗi daga shuka zuwa girbi, ita wata guda ne.”

Majalisa ta ɗauki salati. Bawana ya naɗe sefarsa ya maida aljihu. Wallahi da nan na tsaya da da sauƙi, amma magana zarar bunu ce. Kullum anka zauna sai wani ya tono, ni ko in ƙara mata gishiri. Kafin wata ya mutu albashin nan ya sayi mashin, ya yi rufin kwano, har ya fara hararar kujerar Makka.

Al'adarmu ce albashin farko ba a cin sa. Ana kawo wa uba ya raba wa dangi da maƙwabta da liman da ungozomar da ta yanke cibi, kowa ya samu na goro ya sa albarka. Ba yawan ake dubawa ba, bakin da zai ce Allah ya yi albarka ake nema. Wata Asabar da hantsi sai ga ta. Ta durƙusa nesa da tabarmata, ta gaishe ni tana duban ƙasa, ta tura ambulan gefen tabarma.

“Baba, ga shi. Shi ke nan duka, ban taɓa ko sisi ba. A raba a sa mini albarka.”

Na ce, “Ke, aje nan,” ina duban katanga.

Tana shiga ɗakin uwarta na zagaya bayan rumbu na buɗe. Na ƙirga. Na tofa yawu a yatsa na sake ƙirgawa, ko wasu sun manne. Na kife ambulan na kakkaɓe. Abin da ke ciki da ƙyar zai sayi buhun hatsi biyu a kasuwar lokacin. Na zauna nan kan turmi ina jin kaji na tsattsaga a gefena. Wata guda cur, tun safe har la'asar tana tsaye kan ƴaƴan mutane, buhu biyu. Ya kamata tausayinta ya fara zo mini, amma gaskiya fuskar bawana ce ta fara zuwa.

Ina da karsana guda, ja, a hannun wani aminina Bafillace da ke zaune da garkensa wajen Kurawa. Shekara da shekaru shi ke riƙe mini abin da na samu, ni ko ina ba shi karan hatsi da fili ya zauna bayan girbi. Na ce wa mutanen gida sai Juma'a mai zuwa za a yi rabo, washegari na hau jaki na tafi rugarsa.

Ya saurare ni yana dogare da sanda, ƙafa guda kan guda. Ya ce, “Kaɗo, wagga karsana bana za ta ɗauki ciki fa. Yunwa ce gidanka?”

“Ba yunwa.”

“Ciwo?”

“Lafiya lau.”

“To mi?”

Na faɗa masa. Ya daɗe yana dubana kamar yadda yake duban saniyar da ta ci leda. Ya ce shi a rugarsu mutum na ɓoye yawan shanunsa ne, bai taɓa jin wanda ya rage garke don a ce yana da yawa ba, amma Kaɗo ba a raba shi da abin mamaki. Na sa shi ya yi mini alkawari da rantsuwa ba mai ji. Na ce ko uwar ɗiyana ta tambaye ka, ko alƙali, ba ka san zancen ba. Ya ce, “Na riƙe.” Ran kasuwar Isa ya kai ta kara, inda ake cinikin shanu, dillali ya sayar, ya kawo mini kuɗin a ƙulle cikin gefen rawani. Na haɗa da na ambulan.

Ranar rabon nan, Allah ya gafarta mini, har yau in na tuna sai na ji daɗi. Liman ya karɓi nasa ya duba, ya sake dubana, addu'ar da ya yi sai da ƙafafun mutane sunka yi sanyi. Ungozoma ta yi guɗa da bakin da ba haƙori. Gwaggonni da innoni kowa ya ƙulle nasa a bakin zane ƙulli biyu. Na bawana kuwa da gangan na kumbura shi, na miƙa masa gaban jama'a na ce, “Ungo, ka sayi mafici na gaske, ka bar wahal da takardar mutane.” Ya karɓa ya cusa aljihu. Tun muna yara ban taɓa kayar da shi ba sai ran nan.

Maiɗakina ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ga ambulan ɗin a hannun ɗiyarta kafin ya zo hannuna. Da muka keɓe ta ce, “Malam, yaushe ambulan ya fara haihuwa?” Malam take ce mini, ita da Allah sun san ko izu guda ban haɗa ba. Na ce albarka ce, mata ba su gane lissafin gwamnati. Ta ce to.

Abin da ban hango ba shi ne wata na sake mutuwa. Ƙarshen watan da ya biyo, mutanen ƙauyenmu sunka fara sauka gidan tela a Isa. Wannan matarsa za ta haihu, wancan taki yake nema, wata jikanta za a yi wa kaciya. Ba su da laifi, ni na nuna musu rijiya. Ɗiyata ta ba da abin da take iyawa, ya ƙare ran uku ga wata. Waɗanda ba su samu ba sunka zauna zauren tela suna ba shi labari, wai ai wane ma kaza anka ba shi ran rabo, wance kaza, liman kaza, yanzu don an ga sun zo da kansu ne za a ce babu.

Tela mutum ne mai awo, da tef yake kwana a wuya. Ya haɗa abin da ya ji, ya ga ya ninka albashin matarsa har ya wuce sau uku. Shi kuwa ya san albashin, don ran da saƙon banki ya shigo wayarta shi ta fara nuna wa. To sauran daga ina? Ga shi makullin ɗakin magani da gidajen sauro na asibitin a hannunta yake. Akwai kuma wani tunanin da ya fi wannan muni, wanda namiji ba ya furtawa, sai dai ya hana shi cin tuwo. Ya tambaye ta. Ta ce ba ta sani ba. Ya sake tambaya bayan kwana biyu, da lallashi, ta ce ba ta sani ba. Sati uku suna haka. Ran nan ya ce ta je gida ta huta har ta tuna.

Ni duk ban san ana yi ba. Ina gona ina noman maimai da rana tsaka sai na hangi maiɗakina tafe, ba kwanon fura a kanta. Tun daga nan na san ba lafiya.

Ta tsaya kan kunya ta ce, “Malam, waccan na gida da jakarta.”

Ta faɗa mini duka tana tsaye, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Ta san abin da ta sa cikin ambulan. Ta san hannun da ya karɓa. Tun ran da baƙin farko sunka buɗe baki ta gane. An tambaye ta ya fi a ƙirga, ta ce ba ta sani ba, don ba ta iya cewa ubanta ya yi ƙarya gaban mijinta. Aurenta take shirin bayarwa don kada hularka ta faɗi. Ni na zo in ga hular ce, ko ta kai.”

Na cire hular na duba. Duk zufa ce da jirwaye.

Kwana biyu tsakani ranar kasuwar Isa ce. Na yi sammako na shiga bas, irin wadda ake jira a cika a tafi tare da sauran motoci saboda halin da hanya ke ciki. Tsakanina da surukina kuwa kunya ce irin ta da. Bai taɓa cin abinci gabana ba, ban taɓa taka shagonsa ba, in ya hango ni a hanya tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Yana ganina bakin shago ya diro daga kan keke da allura a baki, ya tsuguna. Ni ma da na zo da laifi sai na tsuguna. Ya ƙara yin ƙasa, na ƙara. Masu wucewa sunka fara rage tafiya suna kallon mutum biyu tsugune bakin shago kamar masu dara ba gurbi.

Na ce, “Malam tela, ni na yi. Karsanata na sayar na ƙara a kan kuɗin. Ita ba ta san an yi ba.”

Ya ce, “Allah ya ƙara girma, Baba. Ba komi.”

“Ka ji abin da na ce?”

“Na ji, Baba. Allah ya bar zumunci. Kowane uba haka zai yi.”

Nan na gane. Bai yarda ba. Gani yake na zo rufa wa ɗiyata asiri ne da sabuwar ƙarya. Kuma mi zai sa ya yarda? Wane mai hankali ne zai sayar da karsana mai shirin ɗaukar ciki don ya rufe bakin taubashi? Shekara sittin ina shara ƙarya ana dariya ana wucewa, ran da na zo da gaskiya tsirara ba ta da mai saye.

Na ce, “Tashi. Sa takalminka mu tafi kara.”

Ya bi ni a baya, taku uku tsakani, har cikin kasuwar shanu. Allah ya taimake ni aminina Bafillace na nan ya kawo bijimi. Na ja surukina gabansa na ce, “Faɗa wa yaron ga zancen karsanata ja.”

Ya dube ni, ya dubi tela, ya gyara sanda a kafaɗa. “Wace karsana?”

“Wadda ka sayar mini nan wurin!”

“Kaɗo, rana ta taɓa ka? Ni ban san zancen ba.”

Alkawarin da na ɗaura masa ne yake riƙo. Na ce ko alƙali, to ga shi ya ɗauka gwada shi nake. Na matsa na raɗa masa cewa na warware, ya faɗi. Ya girgiza kai, wai abin da anka ƙulla da rantsuwa ba a kwance shi da raɗa. Na waiga na ga surukina ya sunkuyar da kai, kunyata yake ji, yana neman hanyar da zai sallame ni cikin mutunci ya koma shago. In ya koma a haka, waccan ta zauna gidana ke nan.

Kuma da na sake waigawa, wa za ni gani jingine da turke yana riƙe da igiyar akuya? Bawana. Kunnuwansa har motsi suke.

To kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na hau kan wani tudun taki, na buɗe murya yadda masu shela ke yi, na ce, “Jama'a ku shaida! Ni na sa Bafillacen ga ya sayar da karsanata a ɓoye, na zuba kuɗin cikin albashin ɗiyata na raba, don a ce tana ɗaukar abin da ba ta ɗauka. Ƙarya na yi tun daga gindin bedi. Na kwance masa alkawari gaban kowa, ya faɗi!”

Sannan aminina ya yi gyaran murya ya fara. Ashe cike yake. Bai bar komi ba, da jakin da na hau, da yadda na riƙa waige kamar ɓarawon kaza, har kwaikwayon muryata ya yi. Dillalin da ya sayar ya matso ya ce ƙwarai an yi haka, ja ce mai farin goshi, kuma wanda ya saya ya ce tuni ta ɗauki ciki. Wannan ta ƙarshe da ya bar ta a cikinsa da ya kyauta.

Bawana ya yi dariya har akuyarsa ta kuɓuce. Da ya samu numfashi ya ce, “Ubangidana, ashe naman karsanarka na ci ban sani ba! To yanzu tsakani da Allah, nawa ne albashin?”

Na faɗa, daidai yadda na ƙirga bayan rumbu, ban ƙara ko sisi ba. Na jira a sake fashewa.

Ba a fashe ba. Dillalin nan ya ce, “Tsaya. Wai ɗiyarka ce doguwar nan mai yi wa yara allura a ɗan asibitin can?” Na ce ita ce. Ya ce matarsa can take zuwa awo, ran nan ta kai mata ƙwai biyar a ƙwarya don jin daɗin yadda ta kula da ita, ta ce ta maida gida ta dafa ta ci, ita ke da buƙatar jini. Wani Bafillace daga gefe ya ce su ma ta shiga har rugarsu da akwatin rigakafi a ka, da damina, ruwa iya gwiwa. Dillali ya ce, “A kan wanga kuɗi take wannan?” Na ce a kansa. Ina tsaye kan tudun taki, rigata duk ƙuda, kasuwa guda ta gama sanin ni maƙaryaci ne, amma ban taɓa jin tsawona ya kai na ran nan ba.

Da na sauko na nemi surukina, babu shi. Wani ya ce ya ga ya nufi shago da gudu, takalmi a hannu.

Bas guda munka shiga da bawana, shi da akuyar da bai samu sayarwa ba. Tun daga Isa har gida bai bar ni na huta ba, duk fasinjan da ya shigo sai ya ba shi labarin daga farko. Na ƙyale shi, ranarsa ce. Amma da munka sauka ya riƙe mini hannu ya ce shi zai bi gida gida ya faɗa wa masu zuwa Isa ƙarshen wata su bari, kuma zai ji daɗin yin hakan ƙwarai.

Mashin ɗin tela na jingine ƙofar gidana, ya riga mu da nisa. Na same shi tsugune a zaure da turmin zane a leda, na biko. Ya fara ba da haƙuri, na ce ya bari, in ana neman mai ba da haƙuri a gidan ga ba shi ne ba. Maiɗakina ta ce su kwana mana, rana ta yi sanyi. Daga cikin ɗaki na ji waccan na cewa a'a, gobe ranar rigakafi ce, mata tun asuba suke kama layi, kuma makulli na hannunta.

Ta fito da jakarta ta durƙusa inda ta saba, ta ce, “Baba, za mu koma.” Na ce, “Ke, a yi ta haƙuri da jama'a.” Ta ce to. Ta hau bayan mijinta, ta ɗora jakar a cinya, sunka bi hanyar Isa tun da sauran rana.